Idan Ɓarin Jiki Ya Shanye: Matakan da Za a Bi Daga Gida Zuwa Asibiti Don Kada Ƙananan Hanyoyin Jini Su Ƙafe

Tun bayan damina ake ta tare ni da tambaya guda, a asibitinmu na sha-ka-tafi da ke yankin Auyo, a ƙofar masallaci, wani lokaci ta waya cikin tsakar dare: "Likita, idan mutum ya faɗi ɓarin jikinsa ya shanye, me za mu fara yi?" Wasu kuma su ɗora da cewa, ya aka yi wane ya miƙe har ya koma gona, wane kuwa da ciwon ya same su a mako ɗaya har yau juya shi ake yi a kan tabarma? Ni ma'aikacin lafiya ne a matakin farko, kuma amsar tambayoyin nan biyu wuri ɗaya take komawa.

Duk wanda ya yi noman rani a nan ko a Kadawa ya san abin da ke faruwa idan ciyawar kachala ta toshe babban kanal. Gonar da ke can ƙarshe ba nan take take bushewa ba. Ruwa yana ɗan tsiyayowa ta ƙananan lambatu daga gonakin maƙwabta, shinkafa ta yi yaushi amma da sauran ranta. Haka ƙwaƙwalwa take. Manyan jijiyoyi huɗu ne ke kai mata jini, biyu ta gaban wuya, biyu ta baya, suna haɗuwa a ƙarƙashinta kamar zobe, sannan akwai wasu sirara kamar zare a samanta da ke haɗa yankin wannan jijiya da na waccan. Idan gudan jini ya toshe babba ɗaya, tsakiyar wurin yakan mutu cikin mintuna, amma kewayensa yana rayuwa da jinin aro ta waɗannan ƙananan hanyoyi. Wannan kewayen shi ake tsere a ceto. Ba a buɗe toshiyar a gida, amma a gida ake kashe ƙananan hanyoyin ko a bar su su yi aikinsu.

1. Gane shi cikin minti ɗaya

A ce masa ya yi murmushi: baki ya karkace? A ce ya ɗaga hannu biyu ya riƙe su a sama: ɗaya yana sulalewa ƙasa? A ce ya yi sallama ko ya faɗi sunan garinsu: harshe ya yi nauyi, ko maganar ba ta haɗuwa? Ɗaya daga cikin ukun nan ya isa. Haka kuma idan ido ɗaya ya daina gani farat ɗaya, ko mutum ya kama tangaɗi ba dalili.

Gargaɗi: idan alamun suka zo suka tafi cikin 'yan mintuna, ba a tsira ba. Sau da yawa ƙananan hanyoyin ne suka ɗauki nauyin na ɗan lokaci, ko gudan jinin ya narke wani yana tafe. Ranar za a tafi asibiti, ba ranar kasuwa ba.

2. Riƙe lokaci

Abin da likita zai fara tambaya shi ne yaushe aka yi masa ganin ƙarshe yana lafiya lau. Ba lokacin da aka tsince shi ba. Idan ya kwanta bayan Isha'i garau, aka tarar da shi da asuba a shanye, to lokacin shi ne bayan Isha'i. Ba sai da agogo ba: "ya yi alwalar La'asar da kansa" amsa ce mai amfani. Wanda ya gani da idonsa shi zai shiga mota, ko mace ce, ko yaro ne. Mun sha karɓar mara lafiya da manyan maza biyar, ba wanda ya san komai, matar da abin ya faru a gabanta an bar ta a gida.

An ƙiyasta cewa idan babbar jijiya ta toshe, kusan ƙwayoyin ƙwaƙwalwa miliyan 1.9 ne ke mutuwa a kowane minti. Wannan matsakaici ne. Mai kyawawan ƙananan hanyoyi asararsa a hankali take tafiya, mai raunana kuwa kamar wuta a ciyawar rani. Ba wanda ya san ɓangaren da nasa yake, don haka a ɗauka mai sauri ne.

3. Kwantar da shi

A kwantar da shi a gefensa a inuwa, a sassauta wuyan riga da mazagi, a cire haƙoran roba idan akwai. Idan yana cikin hayyacinsa, ba ya amai, numfashinsa lafiya, kada a tara masa matasai. Kwanciya shimfiɗe tana sauƙaƙa wa jini hawa kai. Idan yana amai, ko yana gyangyaɗi mai nauyi, ko numfashi na yi masa wuya a kwance, a ɗan ɗaga kai da kafaɗu, yana dai a kan gefensa don abin da ya taso ya zubo waje.

Gargaɗi: kada a tashe shi tsaye "a gwada ƙafar". Tsayuwa tana janye jini daga kai, kuma hanyoyin da ke riƙe da shi da ƙyar suke yi. Kada kuma a ja shi ta hannun da ya shanye. Kafaɗar takan goce, ya zauna da ciwonta watanni. A sa zane ko bargo a ƙarƙashinsa, mutum huɗu su kama.

A rage taro. Ɗaki mai cike da mutane a watan Afrilu, ga hayaƙin turare an rufe ƙofa, ba abin da yake yi sai rage masa iska da ƙara masa zafi.

4. Kada a sa masa komai a baki

Ruwa, kunu, zuma, man shanu, ruwan tafarnuwa, rubutu, duk a dakata. Ciwon yakan shanye maƙogwaro kamar yadda ya shanye hannu, abin da aka ɗura sai ya bi hanyar iska ya sauka a huhu, wani lokaci ko tari ba zai yi ba. Bayan kwana biyu sai zazzaɓi da ciwon huhu, kuma wannan yana cikin manyan abubuwan da ke kashe masu wannan lalura.

Ban taɓa hana kowa addu'a ba, ni ma ina yi. A yi tofi, a karanta abin da ya sawwaƙa, malam ya shiga mota idan yana so. Abin da nake roƙo shi ne kada a tsaya jiran a kira mai ruƙiyya daga wani gari, ko wanzami ya zo ya yi ƙaho. Jinin da ƙaho ke ja na fata ne, ba ya kai wa ga gudan da ke cikin kai.

Gargaɗi: kada a ba shi asfirin a gida. Shanyewar jiki iri biyu ce, ta toshewa da ta fashewar jijiya, kuma da ido ba a bambanta su. Wani babban bincike da aka yi a asibitocin Najeriya da Gana, har da Asibitin Koyarwa na Malam Aminu Kano, aka fitar da sakamakonsa a 2018, ya nuna kusan kashi ɗaya cikin uku na masu ciwon a yankinmu fashewa ce. Asfirin ga wanda jini ke zuba a kansa ƙara wa wuta fetur ne.

5. Kada a faɗar da hawan jinin

Nan ne zan daɗe, domin nan ne aka fi yin ɓarna da kyakkyawar niyya.

Yawancin masu wannan ciwo idan aka auna su a sa'o'in farko za a ga jinin ya yi sama, wasu ya kai 180, 190, har 200. Hankalin kowa sai ya tashi, a ce ai ga abin da ya kayar da shi, a sauke shi maza. Gaskiya ne hawan jini na shekaru shi ya lalata jijiyoyin. Amma hawan wannan ranar wani abu ne daban: jiki ne ya ƙara wa famfo wuta don ya tura jini ta ƙananan hanyoyi ya kai gonar da aka toshe. Wanda ya sauke shi da ƙarfi ya kashe injin ban ruwa ke nan a lokacin da shuka ke yaushi.

Ba zan manta wani dattijo manomin shinkafa ba. Da hantsi bakinsa ya karkace, hannun dama ya yi nauyi, amma yana ɗaga shi, yana magana ana ganewa. 'Ya'yansa suka biya da shi wani kemis, aka auna aka ga 200 bisa 110, aka fasa masa ƙwayar nifedifin mai sauke hawan jini a ƙarƙashin harshe, aka bi da allurar Lasix mai sa fitsari. Kafin azahar suka iso wurinmu. Babban ɗan ya ce mini, "Likita, jinin ya sauka, alhamdu lillahi, amma Baba ya daina magana." Na auna, 120 bisa 70. Hannun da yake ɗagawa da safe ya zama kamar tsumma, idonsa a buɗe yana kallon ɗansa, leɓensa na motsi ba abin da ke fita. Garin neman gira aka rasa ido. Har yau idan na tuna sai ƙirjina ya yi nauyi, domin yaran nan ƙaunar mahaifinsu ce ta kai su.

Ƙa'idar da likitoci ke bi ita ce: a ciwon toshewa, idan ba za a yi allurar narkar da gudan jini ba, ba a gaggawar taɓa jinin sai ya haura 220 bisa 120, ko akwai wata matsala ta zuciya ko makamancinta. Ko an taɓa, a hankali ne, kusan kashi 15 cikin 100 a yini na farko. Wanda za a yi wa allurar kuwa ana sauke nasa ƙasa da 185 bisa 110 tukuna. A ciwon fashewa lissafin daban ne, ana sauke shi da wuri. Shi ya sa hukuncin yake hannun wanda ya ga hoton kai.

Gargaɗi: ko maganin hawan jinin da yake sha kullum, kada a ƙara masa, kada a ninka. A tattara kwalaye da ledojin magungunansa duka a tafi da su.

6. Mota, kuɗi, da inda za a nufa

Mota ake nema wadda zai kwanta a ciki. Kada a goya shi a babur a matse tsakanin mutum biyu, kai na lilo. Idan hanyar rugar ko ƙauyen ba ta shiguwa, a fito da shi a kwance a amalanke ko a-kori-kura zuwa bakin titi, mota ta tare su a can. Ana iya gwada lambar gaggawa ta 112, amma kada a zauna jiranta. A lokaci guda wani yana kiran direban gari.

Wurin zuwa shi ne asibitin da ake hoton ƙwaƙwalwa na siti-sikan. A Kano akwai Asibitin Malam Aminu Kano. Mu na Jigawa, kafin mota ta tashi a buga waya Asibitin Rasheed Shekoni da ke Dutse ko Cibiyar Lafiya ta Tarayya da ke Birnin Kudu, ko a nemi ma'aikacin lafiyar garinku ya buga, a ji ko za a samu hoton a ranar. Idan babu, a miƙe Kano kai tsaye. Yawon asibiti uku kafin a kai na huɗu shi ke cinye yinin.

Kuɗi kashi-kashi ne: man mota zuwa da dawowa, kati, hoton kai, awon jini, ƙarin ruwa da magani, sai abincin masu jinya. Hoton shi ne mai nauyi, dubun-dubatar naira ne, kuma farashin yana canzawa. Kuskuren da ake yi shi ne a ce sai an sayar da rago ko buhun shinkafa kafin a tashi. A tashi da abin da ke hannu, a bar mutum ɗaya a gida yana haɗa sauran, ya tura ta waya ko ta wurin mai POS. Wanda ke da katin taimakekeniyar lafiya na jiha ko na tarayya ya ɗauko shi.

7. Idan an biya ta ƙaramin asibiti

Wannan ga 'yan uwana ma'aikata ne, amma iyalai ma su sani don su tambaya. Tsayawar kada ta wuce ta auna abubuwa huɗu da rubuta takardar turawa.

Suga shi ne farko. Idan ya faɗi ƙasa da 60, wato 3.3 a ɗaya ma'aunin, shi kansa yana kawo karkacewar baki da shanyewar hannu, musamman ga mai ciwon suga da ya sha magani bai ci abinci ba, ko yana azumi. A ba shi ruwan suga ta jijiya, sau da yawa sai ka ga mutum ya dawo garau. Idan kuma sugan sama ya yi, yana ƙara lalata yankin da ke rayuwa da jinin aro. A rubuta adadin a takarda.

Sai zafin jiki. Idan ya haura 38 a sauke shi, a nemi dalili, a yi gwajin maleriya. Ƙwaƙwalwa mai zafi ta fi cin abinci, ga shi abincin ya yi kaɗan. Sai iskar jini: idan ƙaramar na'urar yatsa ta nuna ƙasa da 94, a sa oksijin idan akwai. Na huɗu hawan jini, a auna a rubuta, a bar shi.

Ƙishirwa kuma abokiyar gaba ce da ba a lura da ita. Manomin da ya yini a rana a watan Mayu, ko tsohuwar da ta kwana biyu tana gudawa, jininsu ya yi kauri, ƙarfin turawa ya ragu. A sa ƙarin ruwa mai gishiri, nomal salin, daidai gwargwado.

Gargaɗi: ba a sa ledar ruwan suga ga wanda sugansa bai faɗi ba, tana ƙara kumburin ƙwaƙwalwa. Mai ciwon zuciya kuma, wanda ƙafafunsa suka kumbura, ba a sakar masa ruwa da gudu. Kada a kwantar da shi "a ga yadda zai kwana".

8. A babban asibiti

A nufi sashen gaggawa, a faɗa a bakin ƙofa: shanyewar ɓarin jiki ce, ta fara lokaci kaza. Allurar narkar da gudan jini ana yin ta ne cikin awa huɗu da rabi. Akwai kuma aikin zaro gudan ta cikin jijiya, wanda a wasu marasa lafiya ake yi har zuwa awa 24, kuma masu kyawawan ƙananan hanyoyi su ne suka fi cin moriyar wannan jinkirin. Duka biyun ba kowane asibiti ke yi ba a ƙasar nan, kuma suna da tsada ƙwarai. Kada wannan ya sa a ce to zuwan me za a yi. Hoto, asfirin a kan lokaci bayan an tabbatar ba fashewa ba ce, kula da suga, zazzaɓi, ruwa da haɗiya, su kaɗai suna raba mutum da kabari ko da tabarma.

A gaya wa likita abubuwan da ke raunana ƙananan hanyoyin, domin suna canza shawararsa: yawan shekaru, hawan jini da aka daɗe ba a kula da shi ba, ciwon suga, shan taba, ciwon ƙoda. A faɗa masa idan mutum yana fama da bugun zuciya marar tsari. Gudan da ya taso daga zuciya farat ɗaya yake toshewa, bai ba jiki damar shiri ba, saɓanin jijiyar da ta yi shekaru tana tsukewa a hankali har ƙananan hanyoyi suka buɗe suka saba. Mai jego da ke haki da kumburi, a ambata, domin ciwon zuciyar bayan haihuwa yana da yawa a ƙasar Hausa kuma yana jefa gudan jini. Yaro mai sikila kuwa da hannunsa ya shanye, ƙarin jini yake buƙata cikin gaggawa. A tafi da masu ba da jini tun daga gida.

9. Kwanaki ukun farko

Ƙananan hanyoyi suna iya gajiya bayan sun riƙe yini ɗaya ko biyu. Mai jinya ya sa ido: idan magana ta ƙara nauyi, ko barci ya yi yawa, ko an zaunar da shi sai hannun ya ƙara mutuwa, a mayar da shi kwance a kira nas nan take.

Ba abinci sai ma'aikaci ya gwada haɗiyarsa. Idan aka ce za a sa tiyo ta hanci, a yarda. Mutanenmu suna ganin tiyo alamar ajali ce, alhali ita ce ke kai masa kunu da magani ba tare da sun faɗa huhu ba, kuma ana cire ta idan maƙogwaro ya dawo. A riƙa juya shi duk bayan awa biyu saboda gyambon kwanciya. Maganin hawan jini likita ne zai ce ga ranar da za a mayar. Tashi da gashin ƙashi ma da tsarinsu, masu wannan aikin za su nuna yadda za a fara.

Gargaɗi: kada a nemi sallama a kwana na biyu don "ba a yi masa komai sai ruwa". Wannan sa idon shi ne maganin.

10. Yashe hanyoyin kafin rana ta ɓaci

Manomi ba ya jiran ranar ban ruwa kafin ya yashe lambatu. Binciken nan na 2018 ya nuna hawan jini ne kan gaba nesa ba kusa ba a cikin abubuwan da ke jawo ciwon a yankinmu, ya kuma nuna masu cin ganye a kai a kai sun fi tsira. Zogale, rama, alayyafo, yakuwa, lalo, duk a bayan gida suke. Gishiri kuwa, Hukumar Lafiya ta Duniya ta ce kada ya kai giram 5 a yini, kusan ƙaramin cokali ɗaya, kuma dunƙulen magi da kanwa suna cikin lissafin. Taba a bar ta gaba ɗaya. Dattijon da ya daina zuwa gona kada ya koma zaman dakali. Tafiyar rabin awa a ƙafa, kwana biyar a mako.

Maganin hawan jini ba a daina shi don an ji sauƙi, kuma wanda ciwon ya taɓa kayarwa, asfirin da maganin kitsen jini da aka rubuta masa na dindindin ne sai likita ya canza. Na'urar awon jini mai batir ba ta kai kuɗin tunkiya ba. Gida biyar su haɗa su saya, a ajiye ta wurin mai karatu, kowa ya auna ranar Juma'a a rubuta a littafi. Wanda awonsa ke kai 140 bisa 90 ko fiye a lokuta daban-daban ya zo mu gani. Mai hawan jini ko suga da zai yi azumi ya zo tun a watan Sha'aban a tsara masa lokutan shan magani, ya kuma sha ruwa sosai tsakanin buɗa-baki da sahur.

A samu takarda a manna a bayan ƙofar zaure, a rubuta lambar direbobi biyu na gari, lambar ma'aikacin lafiya mafi kusa, sunayen magungunan da tsofaffin gidan ke sha, da sunan wanda zai riƙe kuɗi idan an tashi. A karanta wa matan gidan ita, domin da hantsi, lokacin da maza ke gona ko kasuwa, su ne a gida.